Waƙar Da Ba Tata Ba

A wurin aiki Maman Kurciya ta fara jin albam ɗin, ba kuma don ta nema ba. A shagon gilashin ido take aiki, ita ce a gaba: ta karɓi takardar likita, ta taya mutum zaɓen firam, ta auna tsakanin idanunsa, sannan ta miƙa wa Dogo a ɗakin baya ya yanka gilashin. Shi kuwa Dogo hannunsa ba ya tafiya sai da kiɗa. Yana da 'yar sifika a kan kanta kusa da injin yanka, kuma duk duniya ba shi da mawaƙi kamar Mai Jita, tsohon mijinta.

Ba faɗa ne ya raba su ba. Shi kullum yana hanya, daga wannan dandali zuwa wancan, ita kullum tana jira, har ranar da suka zauna suka ga babu abin da ya rage a tsakaninsu sai mutunci da 'yarsu ɗaya. Shi ya sa wa yarinyar Kurciya tun tana goye, saboda irin kukan da take yi a maƙogwaro in ta ƙoshi, sunan kuma ya bi ta har sakandare.

"Anti, mutumina ya dawo!" in ji Dogo da safen nan, tun bai cire hular babur ba. "Shekara da shekaru shiru, yau sai ga sabon albam sukutum."

"To, Allah ya sa a saurara."

"A saurara? Ai gari ya riga ya ɗauka."

Kiɗan Mai Jita irin mai sanyin nan ne: jita mai laushi, fiyano kaɗan, ganga a hankali kamar tana tsoron tada mai barci. Da waƙoƙin soyayya ya yi suna, irin waɗanda direbobi kan sa in hanya ta yi tsawo. Ta bar kiɗan yana ratsowa ta labule tana aikinta. Tana cikin daidaita wa wani dattijo hannun firam a bayan kunne, waƙa ta huɗu ta shigo.

"Ina gabanki kina duban ƙofa,
kina tambayar yaushe zan zo.
Kin manta sunana,
alhali a bakinki ya fi daɗi."

Hannunta ya tsaya. Dattijon ya ce, "'Yata, lafiya?" Ta ce ƙaiƙayi ne a idonta, ta ƙarasa masa, ta shiga banɗaki ta kunna famfo ta daɗe a tsaye.

Ba ta buƙaci kowa ya faɗa mata wadda ake wa waƙar ba. Inna ce, mahaifiyar Mai Jita. Inna ta yi shekaru tana shugabar makarantar firamare, rabin manyan unguwar a ƙarƙashin hannunta suka koyi riƙe fensir. Mace ce da ba a taɓa ganin ɗankwalinta a karkace ba. Yanzu tsufa ya cinye mata tunani. Takan sa cokali a aljihu, takan nemi rajistar aji da tsakar rana. Ɗanta in ya zo, kallon mai gyaran wuta take masa, ta gaishe shi da mutunci, ta tambaye shi ko ya ga yaronta a hanya, don ya daɗe bai leƙo ba. Lokacin da abin ya fara, tana gane kanta jefi-jefi, ta tara 'ya'yanta ta ce, "Kada ku bari ɗalibaina su gan ni a haka." Tun daga nan Yaya, babbar 'yarta, ta koma gidan da zama, duk wanda ya zo gaisuwa ta tare shi a falo ta ce Malama na hutawa.

Abin mamaki, Maman Kurciya ce Inna ba ta manta ba. A kanta har yanzu auren sabo ne. Duk ƙarshen mako in ta je goge mata gilashi da yanke mata farce, sai Inna ta washe baki ta ce, "Ga amaryarmu."

Kwanakin farko hirar masoyan Mai Jita a kan kiɗan ta tsaya. Dogo kan karanto mata daga shafinsu na intanet lokacin cin abinci, yana dariya yana gardama da mutanen da ba sa jinsa. Wani ya ce muryar ta dushe, ba kamar ta da ba. Wata ta ce ai dushewar ce daɗin. Masu son ganga suka ce an sallami mai ganga ne ko kuwa, duk albam ɗin sai ka ce ana rarrashin jariri. Wani tsohon masoyi ya rubuta dogon bayani cewa tun albam na biyu Mai Jita bai ƙara yin abin kirki ba, sannan a ƙasa ya ce ya kwana yana jin sabon don ya tabbatar da maganarsa. Amma duk rigimarsu, a kan waƙa ta huɗu bakinsu ɗaya. Sun ce ba a yin irin wannan waƙar sai da ciwo na gaske.

Daga nan tambaya ta taso: wace ce?

Wanda ke riƙe da shafin masoyan, wani da suke kira Ciyaman, shi ya ba su amsa. Ya jera baitocin albam ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya haɗa da shekarun da Mai Jita ya yi shiru, ya ce duk mai kunne ya san labarin: mace ce ta zauna da shi lokacin da tauraronsa ke haskawa, da kasuwarsa ta ja baya ta kwashe kayanta, yanzu in sun haɗu ko sunansa ba ta kamawa. Ya haɗa da tsohon hotonsu a wani wasa, ita a gefensa tana dariya, an zagaye fuskarta da jan layi.

Ranar Dogo bai karanto mata komai ba. Ya ci abincinsa a ɗakin baya, sifikar ma a kashe. Ita ta leƙa ta ce, "Yau masoyan sun yi yaji ne?"

Ya sosa ƙeya. "Anti, mutane ba su da kirki."

"Nuna min."

Ta karanta a tsaye, da tsumman goge gilashi a hannu. Butulu. Mai idon kuɗi. Irinsu ne ke kashe wa maza zuciya. Wata ta rubuta cewa ta yi kuka har idonta ya kumbura, kuma ba za ta taɓa yafe wa matar nan ba. Wani ya ce a gode mata, don ba don muguntarta ba da ba a sami waƙar ba. Wannan ɗin ya fi kowa samun masu yarda da shi.

Ta miƙa masa wayar. Ya tsaya yana jujjuya ta a hannu, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ni dai na san halinki. Amma Anti, waƙar... ba ke ba ce, ko?"

A nan ne abin ya soke ta. Mutumin da suke raba shayi kullum ke nan.

"Gilashin dattijon jiya ya yi?" ta ce. "Da la'asar zai zo."

Ba a yi mako ba aka gano shagon. Sai mutum ya shigo ya ce firam yake dubawa, ya ɗauki wannan ya ajiye wancan, idonsa na kanta ta cikin madubi. Wasu 'yan mata biyu suka gwada kusan rabin kanta, da za su fita ɗaya ta juyo ta rera mata "kin manta sunana" ƙasa-ƙasa, suka fashe da dariya a bakin ƙofa. Wayar shagon ta riƙa ƙara, in ta ɗauka sai ta ji an kara mata waƙar. Dokta, mai shagon, mutum ne da ba ya son hayaniya. Ya kira ta ofishinsa, ya yi ta gyara alƙalumansa a cikin kofi.

"Ba laifinki ba ne, na sani. Amma ki koma baya wurin Dogo na ɗan lokaci, har ƙura ta lafa. Zan zauna a gaba da kaina."

Ta koma baya tana wanke gilasai tana jera su a tire, ruwan injin yana fantsamo mata a riga.

Duk wannan da ta iya haɗiye shi. Abin da ya gagare ta Kurciya ce. Yarinyar ta daina cin abinci sosai, ta daina surutun da takan cika gida da shi. Wata rana ta dawo makaranta ta jefar da jaka, ta tsaya a ƙofar kicin.

"Mama, in na shiga aji sai su fara waƙar. Har a filin wasa. Malamin lissafi ma ya tambaye ni wai ya jikin babana."

"Me kika ce?"

"Me zan ce? Na san ta Inna ce. Ke ma kin sani, Baba ya sani. Don me ba za mu faɗa ba?"

"Don Inna ta roƙa."

"Inna ba ta ma san ana yi ba! Ke ce kika sani."

Washegari Maman Kurciya ta nemi izini ta tafi situdiyon Mai Jita. Wani ɗaki ne a saman shagon fenti, bango duk an manne shi da soso, wayoyi a ƙasa sai ka ɗaga ƙafa. Ta same shi a zaune yana sauya wa jita tsirkiya. Ya rame, furfura ta fito masa a gemu. Da ya gan ta ya miƙe da sauri har jitar ta buga kujera.

"Maman Kurciya. Ina ta so in kira ki, na rasa ta inda zan fara."

"Ta gaisuwa ake farawa. Ka ga abin da mutanenka ke yi?"

"Na gani. Wallahi ban taɓa kawo wa raina haka za su ɗauka ba. Na dawo daga wurin Inna ne wata rana, ta ba ni kujera kamar baƙo, ta ce in na ga ɗanta in ce masa tana nemansa. Na zo nan na zauna, waƙar ta fito. Ban yi tunanin kowa ba."

"Ai shi ne. Ba ka yi tunanin kowa ba."

Ta dubi allon injin naɗar murya da fitilunsa ja da kore, ta tuna shekarun da ta yi tana kawo masa abinci irin wannan ɗakin yana yin sanyi a kwano.

"Ba na ce ka tona asirin Inna ba," ta ce. "Ka dai ce musu ba ni ba ce. Mutanenka ne, za su ji maganarka."

Ya rubuta a gabanta. Gajeren bayani ne: waƙoƙin ba su da alaƙa da uwar 'yarsa, mace ce mai mutunci, yana roƙon a bar ta. Kafin ta kai gida an riga an juya maganar. Ciyaman ya ɗora ta a shafi ya ce ku dubi zuciyar mutumin nan, an cuce shi amma har yanzu yana kare ta. Wasu suka ce ita ta je ta tilasta masa. Wani ya ce in ba ita ba ce, to ya faɗi wace ce mana. Aka koma albam ɗin da sabon kunne, har waƙar da ya yi a kan ruwan sama aka samo ta a ciki.

Ƙarshen makon ta je gidan Inna kamar kullum. Ta same ta a kujerarta kusa da taga, an ɗaura mata ɗankwali tsaf, tana ninke wani tawul tana warwarewa.

"Ga amaryarmu! Ina mijin naki? Yaron nan da yawo, kamar an binne masa cibiya a titi."

"Yana gaishe ki, Inna."

Ta cire mata gilashin, ta ɗaure 'yar ƙusar da ta saki, ta goge, ta mayar. Inna ta ƙura mata ido.

"Kin rame. Ba ya ba ki abinci ne? Ki faɗa min, ni na haife shi."

A kicin ta tarar da Yaya tana niƙa ƙwayar magani a cokali. Yaya ba ta da shafi, ba ta sauraron waƙa, amma maƙwabta sun kawo mata labari.

"Na ji abin da ake miki," in ji Yaya. "Ya yi min ciwo. Amma ki yi haƙuri, surutu ne, zai wuce."

"Yaya, har makarantar Kurciya ya kai."

"Na ce zai wuce. Ke kina da baki, kina da hankalinki, za ki iya tsayawa. Ita fa? Matar nan abu ɗaya ta roƙe mu a duniya. Jiya da hantsi ta tuɓe zaninta a tsakar gida wai za ta yi wanka. So kike wannan ya shiga bakin mutane?"

"Ban ce ba."

"To kada ki ce. Shi ma na gaya masa, tun farko wa ya aike shi ya sa uwarsa a waƙa?"

Ta fito gidan ba ta san wanda za ta ji haushi ba. Duk wanda ta juya gare shi da gaskiyarsa.

Ana cikin haka aka kira ta daga makaranta. Kurciya ta yi faɗa. Wata 'yar ajinsu ta rubuta baitin a kan teburinta da babban alƙalami, ita kuma ta kama ta da kokawa, suka faɗa kan benci. Maman Kurciya ta same ta a ofishin shugaba da leɓe a fashe, gaban rigarta duk jini, ba ta kuka, tana dai kallon bango. An ba ta hutun dole. A mota yarinyar ta ɗauki hoton fuskarta ta tura wa babanta, ba ta rubuta komai a ƙasa ba. Uwar ta gani, ba ta hana ta ba.

Da la'asar ɗin ranar Mai Jita yana da hira a rediyo, irin shirin da masu sauraro ke bugowa. Maman Kurciya ta ajiye yarinyar a gida ta koma shago. Dogo ya kunna, ya dube ta ko za ta ce a kashe. Ba ta ce ba. Masu kira suka yi ta zuba: wannan yana son a dawo da ganga, wancan yana tambayar yaushe za a yi wasa a garinsu, wata ta ce waƙa ta huɗu ce ta sa ta koma gidan mijinta. Sai wani ya bugo, muryarsa cike da jin kai, ya ce shi dai saƙo gare shi ga matar da ta yi wa Mai Jita haka, ta sani duniya na kallonta, kuma 'yar da ta haifa ma za ta girma ta gane wace ce uwarta.

Rediyon ya yi shiru har Dogo ya taɓa sifikar ya ga ko ta mutu.

"Malam," in ji Mai Jita, "matar da kake zagi, ita ce ke yanke wa mahaifiyata farce duk mako. Waƙar nan ta mahaifiyata ce. Tana raye, amma ba ta gane ni. Ta manta sunan da ta sa min. Kun ji? Shi ke nan? Yanzu ku bar min iyali."

Dogo ya kashe injin yanka. Ya juyo, idonsa ya yi ja. "Anti, ki yafe min."

Sauƙin da ta daɗe tana jira ya sauko mata, kuma a cikin sauƙin ta ji tsoro, don fuskar Yaya ce ta faɗo mata.

Kafin gari ya waye shafin ya juye. Waɗanda suka zage ta suka goge abin da suka rubuta, wasu suka ce su dama tun farko sun ji a jikinsu ba waƙar soyayya ba ce. Ciyaman ya fitar da sabon sharhi mai tsawo a kan darajar uwa, bai ambaci na farkon ba. Aka sake ɗora tsohon hoton nan nata, wannan karon da furanni a gefe. Akwai kuma waɗanda ransu ya ɓaci. Wani ya ce an yaudare shi, ya yi wata guda yana tura wa budurwarsa waƙar tsohuwa. Wata ta ce yanzu ba ta iya jin albam ɗin, ya yi mata nauyi, ita waƙar da za ta yi wanke-wanke da ita take so. Dokta ya mayar da Maman Kurciya gaba, har ya ce ciniki ya ƙaru.

Sannan suka nemo gidan Inna. Ba wuya, kowa ya san gidan tsohuwar shugabar makaranta. Da farko tsofaffin ɗalibanta ne, manya da furfurarsu, suna cewa me ya sa aka ɓoye musu. Bayansu masoya suka biyo, da furanni da kwalayen madara, kowa na son ya ga uwar da aka yi wa waƙa. Yaya ta rufe ƙofa, suka tsaya a waje. Wasu samari suka zo da jita suka zauna a kan dakali suna rera waƙar, wai don Inna ta ji. Inna kuwa ta ji taro a ƙofarta, ta ɗauka iyayen yara ne suka zo ƙara. Ta rikice, ta ƙi abinci, ta riƙa neman mabuɗin ofis.

Wata safiya Yaya ta shiga wanka, Inna ta zare sakata ta fita. Ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya, rigar barci a jikinta. Ta tsaya a gaban mutanen ta ɗaga yatsa tana cewa su yi layi, a yi shiru, wa ya ba su izinin fitowa daga aji. Wasu suka sunkuyar da kai. Wani ya ɗaga waya. Kafin azahar bidiyon ya zagaya, an ɗora masa waƙa ta huɗu a ƙasa, mutane na rubuta cewa sun yi kuka, Allah ya saka wa iyaye.

Maman Kurciya ta bar shago ta tafi gidan. Ta ratsa ta cikin mutane, wata ta kama hannunta tana cewa, "Anti, mu yi hoto," ta fizge. A falo ta tarar da Mai Jita a tsugune a ƙasa, Yaya a tsaye a kansa.

"Abu ɗaya!" Yaya ke faɗi. "Abu ɗaya ta roƙa! Na bar gidana, na bar aikina, ina wanke ta ina shafa mata mai don kada ido ya gan ta, kai ka hau rediyo ka buɗe baki." Ta juyo ta ga Maman Kurciya. "Ke kuma an wanke ki. Hankalinki ya kwanta?"

"Bai kwanta ba, Yaya."

"Yarinyata aka fasa wa baki," in ji shi, kansa a ƙasa. "Me kike so in yi?"

"Ban sani ba!" Yaya ta zauna a hannun kujera, kuka ya ƙwace mata. "Ban sani ba."

Daga ɗaki Inna ke kira, tana tambaya ko an buga ƙararrawa.

Gidan ba zai zaunu ba, kowa ya ga haka. Gidan Mai Jita masoya sun san shi, na Yaya akwai mutanen haya a ciki. Maman Kurciya ce ta ce a kai ta wurinta. Gidanta a hawa na biyu yake a wani dogon gini, ɗaki biyu da falo, babu mai shiga sai ya wuce maigadi. Yaya ta daɗe tana kallonta kafin ta tashi ta fara haɗa magunguna a leda. Ta ƙofar baya suka fitar da Inna, a motar wani maƙwabci.

Kurciya ta bar wa kakarta ɗakinta ta koma falo. Yaya kan zo da safe ta zauna da ita har a tashi aiki. Bidiyon ya yi kwanakinsa ya nutse, masoya suka koma gardamar ko za a sa ganga in an zo wasan fili. Mai Jita ya soke wasannin da aka shirya masa, abin da ya jawo sabuwar rigima a shafi, wasu na cewa ya kyauta, wasu na cewa sun riga sun sayi tikiti.

Amma canjin wuri ya taɓa Inna. A gidanta ƙafarta ta san hanyar banɗaki ko da kanta bai sani ba. A nan sai ta tsaya a tsakiyar falo tana juyi. Magana ta ragu. Wata rana Maman Kurciya ta dawo aiki ta durƙusa ta gaishe ta, Inna ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Ke ce mai gidan?"

Ta ce ita ce. Ta shiga kicin ta ɗora ruwa, ta tsaya har ya tafasa ya ƙone rabi.

Kullum da la'asar Inna kan ɗauki jakarta ta tsaya a bakin ƙofa ta ce ta gode da karamci, amma za ta koma gida, yara na jiranta. Da farko sukan yi ta lallashi, ita kuma ta yi ta kuka tana bubbuga ƙofa. Kurciya ce ta gano dabara. Ta sa takalmi ta ce, "Taho in raka ki, Malama." Suka sauka bene a hankali, suka wuce maigadi, suka bi ta gaban mai wankin mota da kantin magani, suka zagaya bayan ginin suka dawo ta ɗaya ƙofar. Da suka hau, Kurciya ta buɗe ta ce, "Mun iso." Inna ta shiga ta zauna, ta cire takalmi, ta ce hanyar ta yi nisa yau.

Haka suke yi yanzu. Ranar da yarinyar ke da darasin yamma, uwar ce ke rakiyar. Wani lokacin Mai Jita kan zo ya bi su a baya, da hula har gira, yana riƙe da jakar. In sun iso Inna takan juyo ta gode masa, ta ce wa mai gidan a ba bawan Allah nan ruwa kafin ya tafi.